Takwas Ɗin da Na Faɗa wa Mami

Litinin, 10 ga Maris

Na iso birnin Tucumán. Gadon sama, kusa da taga, ɗaki na huɗu a gidan ɗaliban jiharmu. Matar da ke kula da gidan ta karanta mini dokoki ina tsaye, jaka a kafaɗa. Ɗaya ce ta zauna mini a ka: kafin ƙarshen Disamba dole in ci babbar jarrabawar darasi ɗaya aƙalla, in ba haka ba a ba wani gadon. Wai mutum arba'in ke jira. Na kusa yin dariya. Darasi ɗaya! Ni Marisel Gerez, da na riƙe tutar ƙasa shekara biyu a makarantar ƙauyenmu San Ubaldo saboda ba wanda ya kamo ƙafata a maki.

In ba gadon nan, ba zaman Tucumán, ba karatun harhaɗa magunguna. Mami ba ta da halin kama mini ɗaki, kowa ya sani.

Mai gadon ƙasa sunanta Fabiana, shekararta ta huɗu a karatun lauya. Ta ga hoton da na liƙa a bango, ni da tuta da farar safar hannu, ta ce, "Iye, an kawo mana 'yar tuta. Ke ce ta biyar da na gani a gadon nan." Ban tambaye ta ina sauran huɗun suke ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Mu ɗari huɗu a aji ɗaya. A kan matakala na zauna, da farar rigar da na goge kamar za ni coci. Malami na magana da lasifika, bai kira suna ba, bai ma ɗaga kai ba. Da zan faɗi in mutu a wurin, sai dai mai shara ya tsince ni.

A hanyar dawowa na tsinki lemo ɗaya daga bishiyoyin bakin titi. Ɗaci kamar me. Fabiana ta yi dariya har da dukan katifa: "Kowace 'yar ƙauye sai ta ci ɗaya. Kin yi rajista ke nan."

Asabar, 22 ga Maris

Kwalin Mami ya iso! Don Hipólito, direban bas ɗin wajenmu, ya miƙo mini shi a tasha daga bayan kujerarsa, ba daga cikin kaya ba. Ya ce Doña Eulogia, wato Mami, ta gargaɗe shi, in ya bari aka ɗora wa kwalin buhu to shi da ita ne.

Gurasar da ake gasawa a toka guda uku, cukwin awaki, robobi biyu na naman ɗan akuya, kwalbar zumar 'ya'yan itacen chañar don tari. A sama takarda, da rubutunta mai hawa da sauka: "'Yata, ki ci, kar ki raba duka. Akuyar nan mai tabo ta haifi biyu. Maminki."

Tsarin shi ne, duk Asabar ta biyu in zo da wankakkun robobin da wasiƙata a cikin tsohon kwali, in karɓi sabo. A banɗakin tasha na buɗe gurasa na sansana na yi kuka. Sakarci.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na buga waya gida. Wayar San Ubaldo ɗaya ce, a kantin Doña Cleofé. Sai ka buga, ta leƙa ta kira Mami, ka ajiye, bayan minti biyar ka sake bugawa. Kuma ba da Mami kaɗai kake magana ba, da duk wanda ya zo sayen sukari kake. Ina jin wani yana cewa, "A gaida Dokta! A ce mata ta taho mana da maganin gwiwa!" Mami tana dariya tana maimaita musu duk abin da na faɗa.

Na ce komai lafiya. Me zan ce?

Laraba, 23 ga Afrilu

Littattafaina uku sun cika. Baƙin biro don bayani, ja don kanun magana, layi da rula. Abin da na rubuta a aji in na dawo in sake kwafe shi da kyau. Haka na saba, haka na ci goma-goma tun ina aji ɗaya.

Fabi ta ɗaga ɗaya ta juya ta ce, "Kai, wannan a ɗaura masa firem. Amma 'yar tuta, karatu kike ko kwafi?" Na fizge abina. Ita da takardunta ke da tabon shayin mate ko'ina za ta koya mini karatu?

Juma'a, 16 ga Mayu

An liƙa sakamakon gwaji a bango. Lissafi: biyu. Fiziks: ɗaya. Huɗu ake nema cikin goma.

Na bi layin da yatsa sau uku, ko na haɗa sunana da makin wani. Nawa ne.

Ɗaya. Ban taɓa sanin ana ba mutum ɗaya ba.

Talata, 3 ga Yuni

Gwaji na biyu ma haka. An cire ni daga lissafi da fiziks, sai baɗi. Kemistiri kaɗai ya rage, shi ma da kyar na tsallake gwajin. Gadona yanzu a kansa yake rataye.

A wasiƙar ranar Asabar na rubuta wa Mami labarin ruwan sama da tsadar tumatir.

Litinin, 16 ga Yuni

Fabi ta yi mini bayanin babbar jarrabawa. Ba rubutu. Malamai uku a bayan tebur, a gabansu bolillero, wani ɗan keji na tagulla mai marfin juyawa, cikinsa 'yan ƙwallayen katako, kowace da lambar babi ɗaya. Namu babi goma sha shida ne. Ka juya da hannunka, biyu su faɗo, ka zaɓi ɗaya, a ba ka minti goma a kujerar gefe, sannan ka tashi ka yi magana a gaban kowa.

Ta ce wasu babi goma kawai suke karantawa su bar sauran ga sa'a. Na ce ni ba 'yar caca ba ce. Duka goma sha shidan zan haddace, har da waƙafi.

Sanyi ya shigo. Ana ƙone gonakin rake, baƙar toka na sauka a kan shanyar da na yi.

Talata, 8 ga Yuli

Bakwai da goma sha biyu suka faɗo. Na ɗauki bakwai, narkewar abu a cikin abu. Na san shi kamar addu'ar cin abinci.

Na tashi na fara. Minti shida ban yi tuntuɓe ba. Dokta Anselmi, tsohon da ke tsakiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, wannan shafi na casa'in ne, ni ma ina da littafin. Gaya mini, malama, me ya sa gishiri ke narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai?"

Na koma farkon babin. Ya ce a'a, me ya sa? Na sake komawa farko. Wani ya yi dariya a bayana. Gishiri da ruwa da mai! Abin da nake gani a kicin ɗin Mami tun ban iya tafiya ba. Na tsaya baki buɗe, kaina fanko.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce a hankali, "Kin yi aiki, na gani. Ki dawo Disamba." Ya rubuta biyu a littafin makina da jan biro.

Na ce na gode. Ni 'yasu, har godiya na yi.

Laraba, 9 ga Yuli

Ban san abin da ya hau kaina ba. Ƙarya nake, na sani.

Na buga waya gida. Yau ranar 'yancin kai, an tashi daga bikin tuta a makarantarmu, rabin ƙauye na kantin Doña Cleofé. Har shugabar makarantar ina jin muryarta. Mami ta karɓi waya tana haki ta ce, "To, 'yata? Ga kowa nan yana jira. Nawa?"

Na ce, "Takwas."

Kantin ya kaure da ihu. Na ji wani na buga teburin kantin da hannu. Sai na ji Mami tana jan hanci. Ta ce, "Ta amsa mini. Marisel, ban gaya miki ba don kar hankalinki ya tashi. Ranar da kika hau bas na yi wa Budurwa Maryamu ta Huachana bakance: in kika ci jarrabawarki ta farko, zan je wurinta a ƙafa ranar bikinta."

Na ce Mami, kilomita tamanin ne. Na ce Mami, ciwon sukarinki. Ta ce, "Ita ta cika nata, ni ce zan tsaya duba ƙafa?"

A nan ne zan ce ƙarya na yi. Kalma uku. Ina riƙe da waya, ina jin shugabar makaranta tana cewa ai ita ta san za a yi haka. Na ce katina ya kusa ƙarewa, na ajiye.

Asabar, 19 ga Yuli

Gida, hutun sanyi. An yanka ɗan akuya saboda ni.

Mami ta ce ina littafin makin ta gani. Na ce ofis ke riƙewa. Yana ƙasan jakata, cikin safa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na gwada ta kowace hanya banda hanyar gaskiya. Na ce ta hau mota, ta taka kilomita biyar na ƙarshe. Na ce ni zan yi tafiyar a madadinta. Na ce a tambayi fadan coci, zai sauƙaƙa mata. Ta ajiye kwaryar cukwi ta dube ni: "Ke kika yi bakancen ko ni? Wata huɗu a birni har kin fara koya mini yadda ake ciniki da Uwarmu?"

Da safe ina taya ta tatsa, kanta jingine da cikin akuya, na buɗe baki na ce, "Mami." Ta ce, "Na'am, Dokta." Na ce ba komai, bokitin ne ya karkace.

Juma'a, 1 ga Agusta

Mun je mun dawo.

Kwana uku da rabi. Mu goma sha ɗaya muka tashi ranar Litinin, keken doki na bin mu da barguna da ruwa. Ni ina bayanta da jarka. Rana ta farko tana gaba tana jan waƙa. Rana ta biyu ta rage waƙa. Da muka tsaya cin abinci na cire mata takalmin ƙafar hagu, safa ta manne. Bororo ya fashe a ƙarƙashin ƙananan yatsu biyu, ita ko ji ba ta yi ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, ba ta ji ba. Na wanke na ɗaure na ce Mami ki hau keken nan don Allah. Ta ce, "Mayar mini da takalmina."

Na mayar mata. Da hannuna na ɗaure igiyar.

A Huachana mutane dubbai, ƙura, ganguna, hayaƙin nama. Mun bi layi awa huɗu. Da muka isa gaban Budurwa ta durƙusa, ta ciro wani ƙullin leda daga ƙirjinta. Farar safar hannuna ce ta riƙon tuta. Ta ajiye ta a cikin tulin kayan godiya, ta kamo hannuna ta ɗora a gilashin, ta ce da ƙarfi, "Ga ta nan na kawo miki. Takwas ta ci."

Ban iya kallon fuskar gunkin ba. Ƙafafun mutane na yi ta kallo.

Litinin, 11 ga Agusta

Tucumán. Na sake shiga ajin kemistiri, shi ɗin dai, tare da waɗanda suka faɗi. Na gaya wa Mami kashi na biyu ne.

Asabar, 23 ga Agusta

Don Hipólito ya miƙo kwali ya ce, "Uwarki na ɗingishi. Ta ce kar in gaya miki, to na gaya miki." A takardarta babu maganar ƙafa. Kaji sun fara ƙwai, an gyara famfon makaranta.

Ita tana ɓoye mini, ni ina ɓoye mata. Kwali ɗaya ke kai ƙaryar ya komo da ita.

Laraba, 3 ga Satumba

Ban je aji ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yau ma. Na cire hoton tutar daga bango na kife shi a ƙarƙashin katifa. Furen lemo ya cika gari da ƙamshi, kowa na murna banda ni.

Lahadi, 7 ga Satumba

Fabi ta janye bargona da rana tsaka ta ce, "Ke, mutuwa za ki yi? In mutuwa ce ki sauko gadon ƙasa, ba zan iya sauko da gawa ba." Ban yi dariya ba. Sai ta hau ta zauna a ƙafata da butar ruwan zafi da ƙoƙon mate, ta cika ta miƙo mini. Kafin in shanye na gaya mata komai. Biyun, takwas ɗin, takalmin.

Na ɗauka za ta ce ba laifina ba ne. Ta ce, "Kai, kin yi ɓarna, 'yar tuta. Babba ma." Can ta ce ita ma sau uku ta faɗi darasinta na farko, amma ita uwarta ko kyandir ba ta kunna mata ba, balle tafiya.

Ta ce in buga waya yau in faɗa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to aƙalla kar in haɗa asara biyu, ƙafar uwa da gado.

Talata, 16 ga Satumba

Sabon salon Fabi: ta ƙwace littattafaina masu jan layi ta kulle a akwatinta. Kullum bayan abincin rana sai in yi mata bayanin abu ɗaya ba takarda. "Yi mini kamar ni akuyar uwarki ce." Da na fara karanto hadda sai ta yi kukan akuya, mee, har in daina. Yau sau tara ta yi. Na jefe ta da silifa.

Abin da na gano ya fi faɗuwa ciwo: ban san komai ba. Shekara goma sha biyu ina kwafe allo da kyakkyawan rubutu ana tafa mini. Ba wanda ya taɓa ce mini me ya sa, ni ma ban taɓa cewa ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Dokta Anselmi na zama a ofis ranar Alhamis don masu tambaya. Sati uku ina zuwa ƙofar ina juyawa. 'Yar tuta ba ta tambaya, ita ake tambaya. Yau na shiga saboda wata ta turo ni daga baya tana sauri.

Na ce ban gane me ya sa gishiri ke narkewa a ruwa ba. Ya dube ni ta saman tabarau: "A'a, shafi na casa'in." Ashe ya tuna. Kunya kamar in nutse. Ya ɗauki fensir ya zana mini a bayan ambulan, minti huɗu. Abin ba wuya. Wannan ne ya ba ni haushi, abin ba wuya ko kaɗan.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ba kwali. Don Hipólito ya sauko daga bas, ya cire hula. Bai taɓa sauka ba. An kai Mami asibiti a birnin Santiago shekaranjiya. Ciwon ya zama gyambo, ya yi baƙi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ranar iyaye mata. A asibiti na yi ta.

Yatsu biyu suka cire. Likitan ya ce an yi sa'a ba ƙafar duka ba, ya tambaye ni wane mahaukaci ne ya bar mai ciwon sukari ta taka kilomita tamanin. Na ce ban sani ba.

Ta rame. Ta sa na taje mata kai. Tana ta nuna ni ga matan sauran gadajen, ga 'yata mai karatun magani. Ta kusa da ita ta ce, ayya, ga abin da bakance ya jawo miki. Mami ta ce, "Yatsu biyu? Ina da takwas da suka rage, daidai da makin 'yata. Ko cewa aka yi in sake, gobe zan tashi."

Suka yi dariya, har da nas. Na fita baranda na yi amai a kwandon shara.

Yanzu ta yaya zan faɗa? A Yuli ƙarya ce kawai. Yanzu yatsu biyu ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Zafi. Babi na tara ya ƙi shiga. Na ce wa Fabi zan tattara in koma gida in kula da Mami, kowa zai ce 'yar kirki ce, ta bar karatu saboda uwarta. Ba wanda zai taɓa ganin littafin makin.

Ta ce, "Dabara ce mai kyau. Sai ki yi shekara arba'in kina tatsar awaki ana ce miki Dokta." Ba mu yi magana ba har kwana biyu.

Abin haushin, na auna dabarar da gaske. Har yanzu ina auna ta.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Kwali ya dawo zuwa. An sallame ta. Gurasa biyu ce maimakon uku, ɗaya ta ƙone a gefe. A zaune take gasawa yanzu, in ji Don Hipólito. Takarda: "'Yata, kar ki damu da ni, ki kawo mini wani takwas ɗin."

Litinin, 1 ga Disamba

Mai kula da gida ta liƙa sunayen waɗanda ba su kawo shaidar cin darasi ba. Mu shida. Nawa ne na biyu. Wata yarinya daga Añatuya ta zo da babanta ganin ɗakuna, ta tsaya tana kallon gadona, tana auna tagar da ido. Tana da kirki, ta gaishe ni. Na tsane ta.

Babi goma sha ɗaya na gane. Uku rabi-rabi. Biyu ko oho. Ni da na ce ba 'yar caca ba ce.

Talata, 9 ga Disamba

Na juya kejin. Uku da goma sha huɗu. Goma sha huɗu na cikin na ko oho. Uku na cikin rabi-rabi, shi na ɗauka.

Na yi magana kamar mai tafiya a cikin laka. Na tsaya, na koma, na gyara. Dokta Anselmi ya jefo tambaya, na amsa. Ya jefo ta biyu. Na ji haddar na tasowa a maƙogwarona, shafin gaba ɗaya, na haɗiye ta. Na ce, "Ban sani ba, Dokta. Amma bari in gwada." Na ɗauki alli. Rabin abin da na zana kuskure ne, malamar da ke gefensa ta gyara mini, na ci gaba daga inda ta gyara.

Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Ya rubuta, ya miƙo mini littafin.

Huɗu.

Fabi na jira a waje, ta ɗaga ni sama tana ihu kamar na ci kofin duniya. Na kai wa mai kula da gida ta gani, ta soke sunana da biro. Gadon nawa ne har baɗi.

Na nufi shagon waya da gudu. Har na ɗaga kan wayar. Sannan na tuna. In ce mata me? Na ci jarrabawar da na ci tun Yuli?

Maki ɗaya tak da na samu da gumina tun da aka haife ni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Na zauna a bakin titi ƙarƙashin lemon nan mai ɗaci na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Asabar, 13 ga Disamba

Na wanke robobi. Na ɗauki takarda na rubuta "Mami" na yage. Sau biyar.

A ƙarshe ban rubuta komai ba. Na ciro littafin makin daga safa na sa a cikin babbar robar, na rufe. Shafi ɗaya ne, layi biyu: 8 ga Yuli, biyu, da ja. 9 ga Disamba, huɗu. Karatun Mami bai yi nisa ba, amma lamba da kwanan wata ba a cutarta a kansu.

Don Hipólito ya karɓa ya jijjiga: "Yau ba wasiƙa?" Na ce tana ciki. Da bas ɗin ya ja na bi shi taku uku, sannan na tsaya.

Lahadi, 14 ga Disamba

Ban buga waya ba. Lahadi ta farko ke nan tun Maris da ina Tucumán ban buga ba.

Laraba, 17 ga Disamba

Ba ranar kwali ba ce, amma Don Hipólito ya aiko a ce in zo tasha. Ya miƙo mini ƙaramin ƙulli a tsumman kicin ɗinmu mai shuɗin layi. Na ce me ta ce? Ya ce, "Ba ta ce ba. Ta dai zo da kanta har bakin titi da sandarta, ta ƙi a karɓar mata."

Gurasa ɗaya. Littafin makin a ƙarƙashinta. Ba takarda. Na zazzage tsumman, na duba cikin littafin shafi-shafi, babu. Sai tabon yatsa na maiƙo a gefen jan biyun, babba, kamar an daɗe ana danna wurin. Kusa da huɗun ma akwai, ƙarami.

Ban san fassararsa ba. Fushi ne, ko me. Da fushi ne zalla ai ba za ta gasa gurasar ba. Ko kuma za ta gasa, Mami ce.

Ina da tikitin ranar Asabar, zan iya bari sai na je, mu biyu a kicin ba mai ji. Hakan ya fi sauƙi. Ban san me ya kawo ni shagon waya ba, ba wai na zama wata jaruma ba ce. A nan nake rubutun nan a kan gwiwata.

Na buga. Doña Cleofé ta ɗauka ta ce, "A'a, Dokta!" Na ce Marisel ce, Doña. Na ce akwai mutane a kantin? Ta ce cike, ana sayayyar Kirsimeti, ko in kore su? Na ce a'a, ki bar su. A gabansu na faɗi takwas ɗin.

Ta ce bari ta leƙa ta kira ta. Na ce to, zan sake bugawa bayan minti biyar.

Ta ce, "Ki ba ta ashirin, 'yata. Yanzu ashirin take yi."

Saura goma sha ɗaya.